Ayarin motoci masu ɗaki daga Kano zuwa tsaunin Mambila: me ake shiryawa?

Aminu Gwammaja: Assalamu alaikum iyaye da yayye. A Turai da Kanada akwai tafiyar da ake yi da motoci masu ɗaki a ciki, gado da madafa da bayan gida duk a mota ɗaya. Motoci goma ko fiye su jeru, mai ja-gora a gaba, su bi hanyar duwatsu kamar wadda ta tashi daga Lake Louise zuwa Jasper, kilomita 230, ko su haura Tizi n'Tichka a Maroko, mita 2,260. Mu shida muke son gwada irin wannan da Homa da Kosta da aka cire wa kujeru, daga Kano zuwa Gembu da ke saman tsaunin Mambila a jihar Taraba. Masana mota da masana hanya, ku faɗa mana abin da ya kamata mu sani tun kafin mu taɓa aljihu.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam Aminu. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sayen goro haka suke tafiya: madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, ana sanin zangon da za a kwana tun kafin a ɗaura kaya. Ku ɗauki wannan tsarin yadda yake. Abin da ya dame ni shi ne direbanmu na Kano ɗan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Daga nan har Daura ko Haɗeja babu gangarar da za ta gwada masa birki. Dala da Goron Dutse da ƙafa ake hawansu. Hawa ba ya ba ni tsoro, in mota ta gaza sai ta tsaya. Saukowa ce ke ɗaukar rai.

Malam Bello: Baba ya yi gaskiya. Bari in shimfiɗa hanyar tukuna don a san abin da ake magana a kai. Rana ta farko Kano zuwa Gombe ta Wudil da Birnin Kudu, ko dai a bi Ningi da Bauci ko a yanke ta Darazo da Dukku. Rana ta biyu Gombe, Kaltungo, Numan, a ƙetare Binuwai a kwana Jalingo. Ta uku Garba Cede, Bali, Serti. A Serti ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, nan ne zango na ƙarshe a ƙasa. Rana ta huɗu da sassafe a wuce Mayo Selbe a kama hawa, a fito Maisamari, Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Kano tana wajen mita 480 daga bakin teku, saman Mambila kuwa mita 1,600 ne a matsakaici, wasu wuraren sun fi. Mafi yawan wannan tsawo a tsakanin Mayo Selbe da bakin tsaunin ake cinye shi, kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya kwazazzabo a ɗayan.

Kada ku bi wanda ya ce muku a haɗe rana ta uku da ta huɗu. Mota mai ɗaki ba ta gudun motar haya, kuma ba a hawan nan da duhu.

Malam Sabo Ƙofar Ruwa: To ni ta nauyi zan fara, domin daga nan duk wata matsala take tasowa. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin kujera akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka har da kanta. Homa ba ta wuce wajen kilo 3,000 zuwa 3,300, abin da za a iya ɗora mata kuma bai fi wajen kilo 1,000 ba. Yanzu lissafa: ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Batir biyu irin dogayen nan na inbata masu 200Ah, kilo 120. Filawud mai kauri 18, falle shida, kilo 180. Tukunyar gas mai 12.5 in ta cika ta kai kilo 26. Firji 20, abinci 60, jarka biyu na dizal 45, kayan aiki da safaya ta biyu 60, mutum huɗu 300. Ka wuce 900 ba ka saka bargo ko tukunya ba. A Turai ma lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, shi ya sa masu ƙera motocin nan suke auna ko cokali.

A loda motar tsaf kamar ranar tafiya, ruwa cike, mutane a ciki, a kai ta sikelin da manyan motoci ke hawa a wajen Dawanau ko Sharaɗa. A auna gaba daban, baya daban. Sau da yawa jimilla tana daidai amma tayoyin baya sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu.

Usman Mai Walda: Ƙari a kan maganar Oga Sabo. Tankin ruwa ba ya hawa rufi. Mutane suna so saboda ruwa ya sauko da kansa ba famfo, amma kilo 100 a saman mota a kwanar dutse shi ne ke kwantar da ita. A ƙasa ake sa shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure da ƙarfe da noti har cikin daɓen motar. Tankin da ke rabi ya fi cikakke hatsari, don ruwan yana gudu gefe ya ja motar. Jarkoki huɗu masu lita 25 sun fi tanki ɗaya babba wanda ba shi da shamaki a ciki. Katako kuma filawud mai 12 ya wadatar, mai 18 a gado kawai. Kowane kabad a sa masa sakata mai kamawa, maganaɗisu ba ya riƙe ƙofa a gangara.

Aminu Gwammaja: Allah ya saka. Baba, a dawo kan saukowar nan. Mene ne ainihin abin da ke faruwa da birkin?

Baba Ɗanlami: Birki ba komai yake yi ba illa mayar da gudu zafi. Direban da bai sani ba sai ya bar mota a giya huɗu ko biyar ya ɗora ƙafa a kan birki yana ɗan dannawa tun daga sama. Kwana biyar, shida, sai wari ya fara shigowa ta taga, irin warin ƙonannen gashi da roba. Wannan warin shi ne gargaɗi na ƙarshe. Daga nan sai ka taka, feda tana da tauri kamar kullum, amma motar ba ta rage gudu. Fad, abin da ke matse farantin birki, ya yi zafi ya yi santsi ke nan. Na biyu ya fi muni: ka taka feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Man birki ne ya tafasa ya zama tururi a cikin fayif.

Ƙa'idar ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, ko ƙasa da ita. Ka hau da biyu, ka sauko da biyu. Kuma tun kana kan tudu za ka saka ta, ba sai mota ta kwasa ba, lokacin giyar ba za ta shiga ba. Injin zai yi kuka, a bar shi ya yi, muddin allurar ba ta shiga ja ba. In ka tsayar da kilomita 30 a awa a matsayin iyakarka, da ta kai 30 ka taka sosai kamar daƙiƙa uku ta dawo 22, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, birki ya sha iska, ta sake kai 30 ka sake. Mai otomatik ya ja ta zuwa 2 ko L. Mai Kosta ta dizal yana da makunnin birkin salansa, wanda ke toshe hanyar hayaƙi don inji ya riƙe mota, a jikin sitiyari, ya kunna shi.

Abin nan da yaran yanzu suke yi na sakin mota a firi don tsimin mai, wanda ya yi shi a ayarinku ku karɓe makulli. Kashe inji kuwa ya fi wannan, don birki zai rasa ƙarfinsa bayan taku biyu ko uku, sitiyari kuma ya ƙage.

Injiniya Hadiza: Baba, bari in sa wa maganarka lamba don matasa su ji nauyinta. Motar kilo 3,000 da ta sauko mita 1,000, ƙarfin da dole a kashe ya kai kusan kilowat-awa 8. Wannan zafin ya isa ya tafasa ruwa lita 90. In ba inji ya sha rabonsa ba, duk a kan faranti biyu na gaba da ganga biyu na baya zai sauka, abin da bai fi faifan tuwo faɗi ba.

Malam Sabo Ƙofar Ruwa: Madalla Injiniya. Shi ya sa man birki ya zama dole a zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba sabo kafin tafiya. Yana shan danshi daga iska. Man birki mai lamba DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa 140. DOT 4 sabo 230, tsoho 155. Mafi yawan motocin garin nan tun da suka sauka daga Kwatano ba a taɓa canza musu ba, ƙari kawai ake yi. A zuba DOT 4 daga kwalbar da ba a buɗe ba, a fitar da iska a ƙafa huɗu, a fara da wadda ta fi nisa da direba. Fad ɗin da ya rage ƙasa da rabi a cire shi, kuma a sa sabon tun da sauran mako biyu a yi yawo da shi cikin gari ya zauna. Sabon fad da aka sa jiya bai gama kamawa ba. A buɗe gangunan baya a duba ko akwai jiƙa a bakin silinda, a daidaita lailin, domin in baya ba ya aiki na gaba ne ke ɗaukar duka.

In kun tsaya birki ya huce, kada a watsa wa faranti ruwa, zai lanƙwashe ko ya tsage. Farantin da ya sha wuta za ka ga ya yi shuɗi-shuɗi. A sa giya, a sa waigi a tayoyi, a jira rabin awa. Kowace mota ta riƙe waigi biyu na katako mai ƙarfi a inda hannu ke kai wa, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Garba Dorayi: Oga Sabo, batun zafin inji fa? Ni a sanina cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye shi ne maganin zafi a ƙasar nan. Kusan kowane gareji haka ake yi, kuma motocin suna aiki.

Malam Sabo Ƙofar Ruwa: Ana yi, Garba, amma ɓoye ciwo ne. A injinan Toyota da yawa tamostat yana buɗewa a digiri 82, kuma idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, wani kason ruwan sai ya riƙa zagayawa ta nan da zafinsa. A titin Zariya ba za ka gane ba don iska tana bugun lagireto. A hawa, kana giya biyu, gudu 25, totur a ƙasa, nan zai nuna. Sannan a saman tsaunin da asuba, ko a doguwar gangara, inji ba zai ɗau zafin aikinsa ba, ya yi ta shan mai yana hayaƙi.

A mayar da tamostat. A wanke lagireto ciki da waje, ƙurar hunturu tana toshe haƙoransa. A canza murfinsa, lambar tana rubuce a kai, 0.9 ko 1.1. Murfin nan shi ne ke riƙe matsi har ruwa ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ruwa zalla a mita 1,600 a digiri 95 yake tafasa. A zuba ruwan lagireto mai launi rabi da rabi, a bar ruwan rijiya.

Garba Dorayi: Na ji ta murfi, wannan ban musa ba. Amma fanka kai tsaye ina nan a kan bakana, ba ta cutar da komai.

Injiniya Hadiza: Malam Garba, in ta lantarki ce, abin da ya fi shi ne a bar na'urarta ta asali tana aiki, a ƙara makunni a gaban direba ta hanyar rile da fis, ya kunna da hannu kafin a fara hawa. Ka sami abin da kake so, ba ka ƙona fankar da gudun banza ba.

Baba Ɗanlami: Ga na direba. Kafin hawa a kashe esi. Kada ka ja mota da babbar giya tana kakari, sauke giya injin ya juya da sauri, famfon ruwa da fanka su ma su yi sauri. In allura ta haura, kunna hita har ƙarshe ka buɗe tagogi, ka nemi fili ka tsaya, ka bar inji yana aiki a tsaye ya sauko. Murfin lagireto ba a taɓa shi sai hannu ya iya riƙe babban tiyo na sama. Kuma ku sani inji marar tabo (turbo) yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300, wato daga Kano zuwa can kashi 11 ya tafi. Motar ba lalacewa ta yi ba, iska ce ta yi ƙaranci. Kada a riƙe mota da kuloci a kan tudu. Ja birkin hannu, ba ta wuta, ka saki a hankali. Kulocin da ya fara sulɓi a Kano ba zai ga Maisamari ba.

Malam Sabo Ƙofar Ruwa: Taya a taƙaice. Homa 195R15C take so, mai lamba 106, kowace tana ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai 91 kilo 615 ce iyakarta, ko da ta shiga rim ɗin. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta wuce shekara huɗu jami'an kiyaye haɗurra ma ba sa yarda da ita. A auna iska da safe taya na da sanyi, kada a sace iska in ta ɗau zafi a hanya. Safaya biyu, jak mai ɗaukar tan uku da katakon da zai zauna a kai, fambel, tiyo na sama da na ƙasa, matatar mai biyu, fis, baƙin mai lita huɗu, igiyar ja.

Hajiya Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Kun yi ta inji, bari a shiga ɗakin. Ruwa a lissafa lita 15 zuwa 20 ga mutum ɗaya a yini, sha da girki da alwala da wanke kwano, ban da wanka. Mutum huɗu ke nan lita 100 ba ta cika kwana biyu ba, don haka kowane zango sai an san inda za a ɗiba. Kada a hau dutsen da ruwa cike, a hau da na yini ɗaya a cika a sama, ruwa ba ya wuya a can. Na sha daban da na wanki, a tafasa ko a sa masa maganin tsarkakewa.

Girki a waje ake yi in dai ba ruwan sama. Wake da ganda sun fi jinkirin nuna a can saboda ruwa yana tafasa bai kai zafin da muka saba ba, a jiƙa wake tun dare ko a tafi da tukunya mai matsi. Kilishi, dambun nama, garin kunu, ƙuli-ƙuli, busasshen tumatir da kuɓewa ba sa neman firji. Madara da nono da nama kuwa can gidansu ne.

Bayan gida irin na akwati yana cika cikin kwana biyu ko uku ga mutum huɗu. Ba a zubar da shi a rafi ko kusa da shi. Ruwan nan mutanen ƙauye ke sha, shanu ke sha. A nemi masai a masauki a roƙi izini. Kuma a yi wa mata labule mai kyau da wurin alwala a gefen mota, wannan ba abin da za a tuna a hanya ba ne.

Dakta Nura: Hajiya, in ƙara da abin da ya fi tayar min da hankali. Sanyin can da dare zai sa wani ya ce a shigo da kaskon gawayi cikin mota a rufe tagogi, kamar yadda ake yi a ɗaki da hunturu. Hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, kuma cikin mota ya fi ɗaki ƙanƙanta sau da yawa. Haka kunna risho ko murhun gas don ɗumi, haka janareta kusa da taga, haka barin inji yana aiki ana barci. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga mutum biyu a lokaci ɗaya, a fito waje nan take. Akwai ɗan ƙararrawa mai batir da ke gano wannan iskar, kowace mota ta sa ɗaya kusa da gado. Maganin sanyi bargo ne da suwaita da safa da hular sanyi, Ƙofar Wambai da Kantin Kwari sun ishe ku. Zafi yana raguwa wajen digiri 6 a kowane mita 1,000, ga iska ga raɓa.

Ciwon tsauni yawanci sai an wuce mita 2,500, bai shafe ku ba. Amai a kwana shi ne zai dami yara: su zauna gaba-gaba suna kallon hanya, abinci kaɗan kafin hawa. Serti da Bali ƙasa ce mai sauro, a rataya gidan sauro. Kuma babu mai kwanciya a gado mota tana tafiya, kowa kujera da bel.

Usman Mai Walda: Tukunyar gas a yi mata akwati nata, tana tsaye, ɗaure, a huda daɓen akwatin zuwa waje. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. A rufe kan tukunyar duk lokacin da mota za ta motsa. Abin kashe gobara mai kilo 2 kusa da ƙofa.

Injiniya Hadiza: Wuta kuma: firji mai kwamfiresa na 12V yana cin 30 zuwa 45Ah a yini, fitilu da cajin waya wajen 15. Batirin ruwa rabinsa kawai ake ci, mai 100Ah 50 ke nan. Litiyam mai 100Ah bai fi kilo 13 ba kuma kusan duka ake amfani da shi, ga mai hali shi ya fi saboda lissafin Malam Sabo. Sola mai wat 200 tana iya mayar da wajen 50Ah a rana mai kyau, amma ranar da hazo ya kwanta ko rabi ba za ta yi ba, don haka a haɗa caji daga inji. Sharaɗi shi ne a raba batirin ɗaki da na tayar da mota, in ba haka ba firji zai shanye shi cikin dare. Fis a sa shi dab da kan batir. Wayar da ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, girgizar hanyar Bali tana cinye fatar waya.

Aminu Gwammaja: Tsarin jerin fa? Wasu sun ce mu matsu kusa da juna don tsaro.

Baba Ɗanlami: A hanyar daji ku ga juna, wannan daidai ne. A dutse a buɗe. A hawa in na gaba ya mutu zai ɗan dawo baya kafin ya kama, a gangara in birkin na baya ya tafi kai zai tarar. A bar aƙalla mita 100, ko a riƙa sakin mota ɗaya bayan minti biyu. Jagaba a gaba, sai motar da ta fi rauni a bayansa don ita ce ke yanke gudun ayari, bakanike da motar ja a ƙarshe. A saukowa mafi nauyi ta fara. Kowane direba amanar na bayansa ce a wuyansa: in ya ɓace daga madubi, ka sanar. A sayi oba-oba kowace mota ɗaya, sabis ɗin waya yana ɗaukewa tsakanin duwatsu. Jagaba ya riƙa faɗin abin da ya gani, babbar mota na saukowa, shanu a kwana, rami a dama. A yi oda kafin kwanar da ba a ganin bayanta. In hanya ta matse, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. Mota shida ya yi, kada ku wuce takwas, babu filin da zai ɗauke ku a gefen dutse.

Malam Bello: Lokaci: Nuwamba. Damina a can doguwa ce, tana farawa tun kafin tamu ta kuma daɗe bayanta, ƙasa tana zaftarewa ta rufe hanya. A Nuwamba ruwa ya ja baya, ciyawa kore shar har iyakar gani, tudu bayan tudu kamar an shimfiɗa darduma, shanu a warwatse, layukan bishiyar turare a bakin garuruwa. Da asuba gajimare yana kwanciya a cikin kwari, kana tsaye a samansa, kawunan tuddai kaɗai suka leƙo. Wannan hazon kuma shi ne dalilin da ba a tashi saukowa sai rana ta ɗaga. Daga ƙarshen Disamba ƙurar hunturu tana rage nisan gani, ciyawa ta bushe.

Hajiya Rabi: Malam Bello, masu yara 'yan makaranta sai hutun Disamba fa.

Malam Bello: To Hajiya, a yi farkon hutun, hanya ta fi bushewa ma, shiga gandun daji kuma ya fi sauƙi a rani. Sai dai a rage tsammanin dogon hange. Gonar shayi ta Kakara tana nan kore ko yaushe. Gandun Gashaka-Gumti, wanda ya zama na ƙasa a 1991 kuma ya fi kowanne girma a Najeriya, ba a shigarsa sai an yi rajista a Serti an ɗauki jami'insu, kuma hanyoyin ciki na Hilux ne, a bar motocin ɗaki a zango. Chappal Waddi, mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, ba ta cikin wannan shirin.

Jagabanku ya zama ɗan yankin mai jin Fulatanci. Hausa za ta kai ku kasuwa, amma a ruga da ƙauye Fulatanci ne ke buɗe ƙofa. Ba a kafa zango a fili don an ga babu kowa, kowane tudu yana da mai shi, batun ƙasa kuma abu ne mai zafi a can. A gaida jauro ko mai gari, ya nuna wuri. Mafi kwanciyar hankali a kwana a harabar masauki mai katanga a biya kuɗin ajiye mota. Labarin tsaron hanya a tashar mota ake samunsa daga direbobin da suka iso ranar, kowace safiya a tambaya, kuma madugu yana da ikon cewa yau ba a tashi. Iyakar Kamaru tana kusa, shingaye da yawa: katin ɗan ƙasa, lasisi, takardun mota, inshora, izinin baƙin gilashi. Jarkokin mai da yawa suna jawo zargin fasa-ƙwauri, biyu sun isa, a cika tanki a Jalingo a sake cikawa a duk inda aka samu. A riƙe tsabar kuɗi.

Malam Ibrahim Kurna: Batun salla, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, ƙasaru ta halatta. Madugu ya tsara tsayawa yadda ba za a tsaya salla a kafaɗar dutse ba. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Gembu, da isarku sai ku cika.

Baba Ɗanlami: Kafin Mambila ku je Jos tukuna, motoci a lode yadda za su tafi. Ku sauka Hawan Kibo, gangarar da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, ku hawo, kowane direba sau biyu, bakanike a gefensa yana kallon ƙafarsa. A ƙasa a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowane rim ba tare da an taɓa ba. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi, birkin ƙafar nan yana kamewa. Wanda ya yi sanyi ƙalau, ba ya aiki.

Aminu Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka wa kowa. Oga Sabo, in mun kawo motocin ranar Asabar za a iya farawa da na birki?

Malam Sabo Ƙofar Ruwa: Ku kawo biyu-biyu, da safe kafin inji ya ɗau zafi, don in gwada murfin lagireto da matsi. Kowa ya zo da takardar sikeli a hannunsa, da DOT 4 lita ɗaya da ba a fasa ba. Mai Kosta ya zo da lita biyu.